Yatsun Da Muƙawama Ta Cinye

Daga Allah muke, gare Shi kuma kowa zai koma. Mijin yayata, wanda ake kira Usta, ya koma wata Talata da hantsi, yana zaune a kan benci a shagon wani Bayamane mai sayar da kayan lantarki, a bayan Bab Makka, a birnin Jidda. Ya ce a ɗauko masa muƙawama, wata 'yar ƙaramar aba ta haɗa kayan lantarki, daga saman kanta. Kafin mai shagon ya sauko daga tsani, Usta ya jingina kansa da bango, ya tafi. Aka kira motar asibiti, aka kai shi tallaja, wato ɗakin sanyin da ake ajiye gawa. Da muka je ɗaukarsa aka ce mana ba za a ba mu shi ba sai an tabbatar da ko shi wane ne, domin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa. Idan kuwa ba a tabbatar ba har wa'adi ya cika, hukuma ce za ta binne shi cikin waɗanda ba a san su ba, ba da hannunmu ba.

Tun da yammacin ranar masu gaisuwa suka fara hawa benenmu na Bani Malik, sai dai ba su san irin gaisuwar da za su yi ba. Maƙwabcinmu tela, mutumin Damagaram, ya cire takalmi, ya zauna, ya ce, "An kai?" Na ce ba a kai ba. Ya ɗan jujjuya carbinsa, ya ce, "To, Allah Ya sa a kai." Ya sha shayi ya tafi. Washegari ya dawo ya yi tambayar, jibi ma haka, har ya koma yana leƙowa daga ƙofa kawai, in girgiza masa kai, ya juya.

Bayamanen ya zo da muƙawamar a cikin 'yar leda, ya ajiye a gabana da hannu biyu. "Tasa ce," in ji shi. "Wallahi ya akhi, tsani kawai na hau." Duk wanda ya shigo sai ya faɗa masa cewa tsani kawai ya hau, kamar akwai wanda ya zarge shi. Wata aminiyar yayata ta aiko da babban faranti na shinkafa ranar farko, ta aiko rana ta biyu, a ta uku ta bugo waya tana tambaya ko ta dakata har a yi jana'iza. Wani kuma, bayan ya gama addu'a ya shafa, ya matso kusa da kunnena ya ce akwai akwatinsa da Usta ya karɓa gyara, ba wai yana gaggawa ba ne.

Yaya kuwa rufe ƙofarta ta yi. Mata suka taru a falo, 'yarta ta shiga ta fito, ta ce, "Ummi ta ce ba ta karɓar gaisuwa mutum yana cikin sanyi." Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma fito ba.

Ni dai ban ji komai ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Na ci shinkafar nan na ƙoshi, na yi barci har da minshari, na tashi na jera kofuna. Ina jiran abin ya zo mini, bai zo ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, domin kaburburan garin nan ba a rubuta suna a kansu, akwatunan da ya ƙera ma bai taɓa sa sunansa a jikin ko ɗaya ba.

Kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a, har matarsa. Ni kuwa ƙanen mata ne, ina da lasisin tsokana, kuma na yi amfani da shi shekara da shekaru. Ya zo aikin hajji a ƙarshen shekarun saba'in, yana saurayi mai gyaran rediyo, ya ga ana gina Jidda kamar za a ƙare duniya gobe, ya zauna. Ya yi wahala a Madinar Masana'antu, wata unguwa a gefen Jidda, yana jan waya a masana'antu da ɗakunan ajiya, har wani ɗan kwangila ya ga aikinsa ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, ya yi masa iƙama. Bayan nan aka kawo masa Yaya daga gida. Ni na biyo baya da sunan umra, na manta hanyar filin jirgi. Ranar da na sauka gidansu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "An ba ni mata, an haɗo mini da gyara." Washegari ya miƙa mini sukudireba.

Sana'ar da ya tsaya a kanta ita ce dima, akwatin da ke rage hasken fitila a hankali ya kuma ƙara shi a hankali. Masu ɗakunan biki ne manyan masu saye. Idan amarya za ta shigo, ana son fitilu su yi ƙasa sannu sannu, su bar hanyarta kaɗai da haske. Sai masu shagunan zinare da atamfa, da attajirai masu manyan majalisu, wato falukan karɓar baƙi. Usta bai taɓa ganin shigowar amarya ko ɗaya ba, domin ɓangaren mata ne. Yakan ce, "Na yi wa amaren Jidda rakiya fiye da kowa, ban san fuskar ko guda ba."

A cikin akwatin akwai abubuwa da yawa, amma shi hankalinsa a kan muƙawama yake. 'Yar ƙaramar aba ce kamar ƙwayar gyaɗa, da zobba masu launi a jikinta. Aikinta ta tare wuta, ta rage mata ƙarfi. Abin da ta tare kuwa ba ya ɓacewa, zafi yake zama a jikinta. Kowace tana da iyakar zafin da za ta iya ɗauka, ana auna shi da wat: akwai mai rubu'in wat, mai rabi, mai ɗaya, mai biyu, har mai biyar da take kamar guntun alli. In ka sa wadda ta yi ƙarama, ba nan take za ta ba ka kunya ba. Za ta yi wata da watanni tana gasuwa, ta yi ruwan ƙasa, ta yi baƙi, ta ƙona allon da take kai, rannan ana tsakiyar biki sai a ji ƙauri.

Lissafin ba wuya, har ni na iya shi. Ka ninka ƙarfin wutar da kansa, ka raba da ƙarfin muƙawamar. A bayan kwalin shayi yake yi, da fensirin da ke bayan kunnensa. Ɗari biyu da ashirin sau ɗari biyu da ashirin, dubu arba'in da takwas da ɗari huɗu. A raba da ƙarfin muƙawamar, dubu arba'in da bakwai, wat ɗaya ke nan da ɗan ɗoriya. In na ce to a kawo mai wat ɗaya, sai ya buge mini hannu da fensirin.

"Ninka biyu, ƙanen mata. Wanda ya rubuta wat ɗaya a jikinta a ɗaki mai sanyi ya auna ta. Bai san silin ɗin Jidda a watan zafi ba."

Sai ya sa mai wat uku, ko ya raba nauyin ga guda biyu a jere. Ya kuma ɗaga ta daga kan allo da ɗan tsawon ƙafafunta, don iska ta bi ta ƙarƙashinta.

Duk wannan bai ishe shi ba. Bayan ya haɗa akwati zai kunna, ya bar shi yana aiki, ya je ya yi salla ya ci abinci. In ya dawo ya zare filogi, ya ɗora yatsa a kan muƙawamar, ya fara karanta Ƙulhuwallahu, ba da sauri ba. In ya kai ƙarshen surar yatsansa na kai, ta ci jarrabawa. In zafi ya sa ya ɗage kafin ya gama, cire ta zai yi ya sa babba, ko da lissafi ya ce ta isa. Na sha ganin ya kai "lam yalid" ya ja tsaki ya sa yatsa a baki. In wannan yatsa ya tashi, ya koma na kusa da shi. Nakan ce masa, "Usta, ka canza sura mana, ka koma Inna a'aɗaina, ta fi gajarta." Ya ce wadda ya saba da tsawonta ke nan, in ya canza mudu ya ha'inci masu saye.

Haka yake da mutane ma, ko da yake bai taɓa haɗa zancen biyu ba. Shekarar da matata ta yi doguwar jinya, kullum na zo shago sai ya ce yau babu aiki sosai, in je in sayo dalma a Bab Makka, kada in yi saurin dawowa. Asibitin da take kwance a kan hanyar yake. Sai daga baya na ga dalmar da na yi ta sayowa jibge a bayan kanta, ko leda ba a ɓare ba, na kuma gane cewa shi kaɗai ya yi aikin mutum biyu duk lokacin bukukuwan shekarar. Da na buɗe baki zan yi godiya ya ce, "Dalma ba ta ruɓewa."

Kada a ɗauka waliyyi ne. Yana da taurin kai irin wanda ke gajiyar da mutum, kuma da babban ɗansa abin ya fi fitowa. Yaron a Jidda aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma in zai yi magana rabi Larabci ne. Ya yi makarantar koyon lantarki, ya dawo shago da wata 'yar ƙwaƙwalwa baƙa mai ƙafafu, wadda ake rubuta wa umarni da kwamfuta. Maikro yake ce mata. Da ita fitila za ta sauka da kanta, ta tashi da kanta, a kan lokacin da aka tsara mata, ba sai wani ya tsaya yana murɗa maɓalli ba. Usta ya yarda abin kirki ne. Sai dai ita maikro dole ta san daidai lokacin da wutar bango ke juyawa, don ta san sa'ad da za ta buɗe wa fitila hanya. Saboda haka akwai muƙawama guda da ke tsakaninta da wutar bango kai tsaye, ba ta hutawa muddin akwatin na jone. A kan wannan guda ɗaya uba da ɗa suka ɓata.

Wanda bai zauna Jidda a shekarun nan ba sai an yi masa bayani. Gidajen garin wuta iri biyu ce a bangonsu. Akwai ƙarama da kowa ke kira ɗari da goma, ko da yake in ka auna ta fi haka, akwai kuma ɗari biyu da ashirin, kuma sau da yawa bakin soket ɗinsu iri ɗaya ne. Babu gidan da ba a taɓa ƙona rediyo ko dutsen guga ba saboda wannan. Yaron ya tsara allonsa a kan ƙaramar wuta. Lissafi ya ba shi sulusin wat, ya sa mai rabi, allon ya fito ɗan ƙarami kamar tafin hannu.

"Ya Abuya, hisabin mazbut ne," in ji shi. "Sulus ya fito, na sa nus. Halas."

"In aka cusa shi a ɗari biyu da ashirin fa? Wutar ba ta kai ninki biyu ba, amma zafin sau uku zai ninka."

"Na rubuta a jiki da jan fenti, miya wa ashara, ɗari da goma."

"Wa ka taɓa gani ya karanta jikin akwati? Mai shara ne zai jona, da tsintsiya a ɗaya hannun."

Karin magana ɗaya yaron ya sani a duniya, ita ya jawo. "To, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Usta ya ajiye fensir. "Ba bakinsa ba ne zai ƙone. Labule ne, da 'ya'yan mutane a ɗaki."

Ni ina gefe ina kankare waya, na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, duka biyun suka harare ni. Gaskiyar magana kowannensu da tasa. Akwatunan Usta manya ne, masu nauyi, masu saye har dariya suke yi su ce ko tanda ce. Na yaron suna shiga aljihu, kuma su kasuwa ta koma so. Wasu daga cikinsu sun dawo a ƙone, kamar yadda uban ya ce, mafi yawa kuwa har yau suna aiki. Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin kyauta ce. Yaron ya sayo masa wata na'ura mai kama da bindiga, wadda in ka nuna ta ga abu take faɗa maka zafinsa ba tare da ka taɓa ba. Ya ce, "Abuya, bas, ka bar yatsun nan su huta. Wata rana za ka manta ba ka zare filogi ba." Da gaskiyarsa, domin sau biyu ina gani wuta ta jefar da Usta daga kan kujera. Amma Usta ya ɗauka an ce ya tsufa. Ya karɓa, ya auna zafin shayinsa da ita, ya jefa ta a aljihun tebur.

Ba a jima ba yaron ya buɗe nasa shagon. Suna gaisawa, suna cin abincin Juma'a a faranti ɗaya, amma ba su ƙara yin maganar aiki ba. Wata rana aka kawo mana gyaran wani akwatin yaron, mai shi bai san alaƙar ba. Usta ya buɗe, ya sa tabarau, ya daɗe yana bin layukan allon da tsinken ashana. Can ya ce, "Yaron nan ya iya." Ya ɗago ya nuna ni da tsinken. "In ka faɗa masa, na saki yayarka." Ya cire mai rabin wat ɗin, ya sa mai biyu, ya rufe.

Sai aka zo da basma. Aka ce duk baƙo sai ya je ya ɗora yatsunsa a kan na'ura kafin a sabunta masa iƙama. Tare muka je. Ni na ɗora nawa, na'ura ta yi ƙara, aka ce in wuce. Usta ya ɗora nasa, shiru. Ma'aikacin ya goge gilashin, ya goge yatsan, ya danna da ƙarfi, ya gwada na biyu, na uku, har goma. Ya juya hannun yana kallo. Shekara talatin da wani abu na zafin muƙawama, da ƙarfen dalma, da ruwan da ake cin allo da shi, sun share zanen tas. Kan yatsunsa sumul suke, suna ƙyalli kamar bayan cokali.

"Ya hajj, ina basmarka?" in ji ma'aikacin, yana dariya, ba da wulaƙanci ba.

"Tana cikin silin ɗin mutane," in ji Usta.

Aka ce ya je ya yi ta shafa mai, ya daina taɓa zafi, ya dawo bayan wata biyu, wataƙila zanen ya tsiro. Yaya ta samo man kaɗanya daga wajen masu zuwa umra, tana shafa masa safe da yamma, har safar hannu ta ɗinka masa. Na yi ta kiransa amarya mai lalle. Bai yi mako biyu ba na kama shi a bayan shago da yatsa a kan muƙawama, leɓensa na motsi. Kafin a koma, kafilinsa ya rasu, magada suka rufe kamfanin, maganar ta bi ruwa. In an ce ya je ya nemi mafita sai ya ce gobe. Ya daina bin manyan tituna, ya koma bin lunguna, daga gida sai shago sai Bab Makka.

Wannan ce ta same mu bayan rasuwarsa. Ni da yaron muka yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan. Babu wanda ya yi mana rashin mutunci, kowa ya yi mana ta'aziyya, kowa kuma ya tura mu gaba. Har tallaja aka kai na'urar aka gwada yatsun, ba ta karanta su da rai ba balle yanzu. Hoton da ke kan tsohuwar iƙamar na mutum mai baƙin gemu ne. A ƙarshe wani jami'i ya ce mana hanya ɗaya ta rage: wani daga magadan kafilin ya zo da kansa ya shaida cewa wannan mutumin nasu ne.

A wani benci na jira, mako ya riga ya zagayo, na faɗa wa yaron abin da ubansa ya ce a kan allonsa. Na ga sakin yayata ba zai yiwu ba kuma. Ya saurara, yana kallon tayil ɗin ƙasa. Ya ce, "Tayyib." Can ya ce, "Ya canza muƙawamar, ko?" Na ce ya canza. Ya gyaɗa kai, muka ci gaba da jira.

Gidan magadan yana arewacin gari. Muka je bayan la'asar. Babban ɗan marigayi kafilin ya karɓe mu a majalisa, aka kawo gahawa da dabino, ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce Allah Ya ji ƙan mamaci, amma mahaifinsa sunaye da yawa ne a ƙarƙashinsa, shi kuma a ƙasar waje yake karatu a lokacin. Ba zai iya sa hannu a kan mutumin da bai sani ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne haka zan ce. Muka miƙe. Yaron ya dubi sama, ya ce da Larabci, kamar mai magana da kansa, fitilun majalisar nan Abuya ne ya yi su.

Sai wata murya ta fito daga bayan ƙofar ciki, muryar tsohuwa. "Wa? Takrunin nan mai fitilu?" Haka suke kiran mutanen ƙasashenmu.

Maigidan ya ce, "Ummi, baƙi ne."

"Na ji baƙi ne. Ina tambaya, shi ne wanda ya huda mini kabad?"

Ba ta fito ba, daga bayan ƙofa ta ba da labarin duka, tana haki. Kabad ne na katako mai sassaƙa, da mahaifinta ya ba ta ranar aurenta. Mijinta ya ce a ɓoye akwatin fitilun a cikinsa don kada ya ɓata kyan ɗaki. Ta tafi Ɗa'if hutun zafi, ta dawo ta tarar an jera masa huji a gefe, sama da ƙasa. Da ta sa aka kira mutumin, ko haƙuri bai ba ta ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce abin da ke ciki yana bukatar numfashi, in ba haka ba wata rana kabad ɗin da majalisar duka za su tafi. Ta ce da mijinta ya sa a mayar da shi ƙasarsu, mijin ya yi dariya. Ni na riƙe masa ƙofar kabad ɗin ranar da ya huda, amma ban ga amfanin ambata wannan ba.

"Shekara ashirin kullum na shigo ɗakin nan sai na ga hujin nan na yi masa Allah Ya isa," in ji ta. "Astagfirullah. Ya mutu?"

Yaron ya ce, "Ya rasu, ya khala," wato inna.

"An binne shi a ina?"

"Yana tallaja."

"Tun yaushe?"

Ya faɗa mata. Sannan ta ce da ɗanta, "Gum, ya waladi. Gobe da safe ka bi su, ka ce ka san shi."

"Ummi, ko sunansa ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. Ga ɗansa nan a gabanka, tambaye shi."

Ya zo kuwa, da farar rigarsa, ya tsaya a layi tare da mu, ya sa hannu. Bayan kwana biyu aka ba mu shi.

A ɗakin wankan gawa na wani masallaci muka wanke shi, ni da yaron, mai wankan yana nuna mana. Da aka buɗe shi jikinsa ya sandare, sanyinsa har cikin ƙashin hannuna. Mai wankan ya ce kada mu tilasta gaɓoɓin, mu yi ta zuba ruwa, za su saki. Muka yi ta zubawa. Na lura an aske masa gefen gemu ba daidai ba, ina ta tunanin wane wanzami ne, har aka gama.

Bayan azahar aka jera shi da wasu gawawwaki biyu a gaban liman. Ladan ya ce a yi salla ga mamata, bai ambaci sunan kowa ba. A ƙofar maƙabarta mai gadi ya karɓi takardar da muka sha wahalar nema, ya duba, ya ninke, ya sa a aljihu. Yaron ya shiga ramin, na miƙa masa kan, tela ɗan Damagaram da Bayamanen suka kama ƙafafu. Allah Ya ji ƙan Usta, Ya yafe masa taurin kansa, Ya yalwata masa makwanci, Ya haskaka shi da hasken da ba ya raguwa. Allah Ya saka wa tsohuwar nan, Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe in tamu ta zo.

Da muka koma Bani Malik na wuce mutanen da ke falo, na tsaya a ƙofar Yaya na yi sallama. Ta buɗe kaɗan. Ta rame, idonta a bushe.

"An kai?"

"An kai, Yaya."

"Ku kuka wanke shi?"

"Ni da ɗanki."

Ta riƙe bakin ƙofar, ta daɗe tana kallona. "Ruwan fa? Kun ɗuma masa?"

Na ce ruwan tankin saman rufi ne, rana ta dafa shi tun safe, har sai da muka sirka. Na ce mun yi ta zuba masa har jikinsa ya saki, hannuwansa suka kwanta.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Mutumin nan ko fanka ba ya so."

Ta saki ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, ta koma ta zauna a kan tabarma, ta ce da 'yarta a ce wa mata su shigo.